Tela da Injin Walda: Yadda Aka Ceto Motar Baba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, uban ƙungiyarmu ta masu gyaran mota a gida, wanda ya ba mu filin da aka kafa wannan rumfa, manyan baƙi da suka ajiye harkokinsu suka amsa gayyata, shugabannin makanikai da na fanel bita masu gyaran jikin mota da na masu walda, waɗanda na san sun zo ne su ji abin da tela za ta ce a kan sana'arsu, malamina, wanda kowa ya sani da Oga Tartsatsi, mahaifina, Baba Direba, da ke zaune a layin gaba, Yayana da ke gefensa yana riƙe masa sanda, maigidana, iyayena mata da 'yan'uwana mata da suka cika wannan ɓangare har wasu suna tsaye, dattawa da matasa, da duk wanda ya ji ƙarar lasifika ya leƙo: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ranar buɗe wannan rumfa. Ina godiya ga waɗanda suka haƙa ramin ginshiƙai, da waɗanda suka hau sama suka buga kwano, da waɗanda ba su haƙa ba, ba su buga ba, amma suka tsaya a inuwa suna ba da shawara, domin su ma sun gaji. Ina kuma godiya ga kwamiti da ya ce in zo in yi magana a kan injin walda: wane iri ya kamata ƙungiya ta saya ta ajiye a nan, wane iri ya kamata mutum ya saya don gidansa, kuma ta yaya ake koyonsa ba tare da an ƙone mota ko an ƙone kai ba.

Yau ina cike da murna. Shekara ashirin da shida ina kan keken ɗinki, ban taɓa tsammanin za a wayi gari in tsaya gaban manyan masu walda ina bayani su kuma suna saurare ba. Don haka ku yi mini haƙuri in fara gaya muku abin da ya raba ni da almakashi ya haɗa ni da tartsatsi, domin duk shawarar da zan bayar daga can ta fito.

Mahaifina direba ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jan mota guda ɗaya, wata tsohuwar mota mai ruwan ƙasa-ƙasa, wadda a cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka kai mu asibiti, a cikinta kuma aka ɗauko mafi yawan jikokinsa ranar da aka haife su. Baba bai taɓa ba kowa mabuɗinta ba. Ko Yaya, da yake ɗan fari, iyakarsa da ita wanki. Kuma Baba yana da wata ɗabi'a da duk direbobin zamaninsa suka san shi da ita: in aka kawo masa mota ya duba, ba ya fara buɗe gaban injin. Ƙofar direba yake buɗewa, ya rufe, ya kasa kunne. Yakan ce daga ƙarar ƙofa ake gane ko an riƙe mota da amana.

Shekara uku da suka wuce, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma magana ta yi masa nauyi ƙwarai, sai ya yini bai furta kalma biyar ba. Likita ya hana tuƙi. Mota ta zauna a tsakar gida, ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, tsatsa ta shiga cin ta daga ƙasa. Duk da haka, kullum da safe Baba sai ya dogara sandarsa ya je ya buɗe ƙofar, ya zauna a kujerar direba, ya riƙe sitiyari na wani lokaci, sannan ya yarda ya karya kumallo. Ranar da ba a bar shi ya je ba, ba ya cin abinci.

Wata safiya ya shiga kamar kullum, sai ƙafarsa ta burma cikin ƙasan motar, ƙarfe mai tsatsa ya yanke shi a ƙauri har sai da aka yi masa ɗinki a asibiti. Da muka dawo, Yaya ya tara mu ya ce, "Motar nan ta gama yi. Na kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su zo su kwashe ta kafin ta kashe mana tsoho."

Ina so in faɗa a gaban jama'a cewa Yaya yana da gaskiya, kuma tausayi ne ya sa shi. Amma ni ina kallon Baba lokacin da ake maganar, na ga ya juya fuskarsa bango. Na ce, "Yaya, a gyara ta mana."

Ya ce, "Wa zai gyara? Mutum biyu na kawo, kowa ya leƙa ya ce wahalar banza ce. Kuma kin san in aka ja ta aka fitar daga gidan nan, Baba ba zai sake sa komai a bakinsa ba."

Na ce, "To ni zan gyara ta a inda take."

Yaya ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Auta, ƙarfe ne fa, ba atamfa ba. Na ba ki wata huɗu. In ƙasanta ya ɗauki nauyina, ƙofarta kuma ta rufu yadda Baba zai yarda, ta zauna. In ba haka ba, ranar da wata huɗu ya cika za a ɗauke ta, kuma ba na son kuka."

To, jama'a, da wannan wa'adi a wuyana na shiga neman injin walda, kuma a nan shawarata ta farko take. Kada ku zaɓi injin don girmansa. Ku zaɓe shi don ƙarfen da za ku yi aiki a kai. Ni na shiga shago kamar mai sayen injin niƙa, na ce wa mai shagon ya ba ni wanda ya fi ƙarfi. Shi kuma bawan Allah bai tambaye ni me zan yi da shi ba, ya nuna mini wani jibgegen injin mai amfani da sandar walda, irin wanda ake haɗa ƙofar gida da ginshiƙin rumfa da shi. Mutum biyu suka ɗora mini shi a mota, na taho gida ina jin kaina kamar na riga na gama aikin. Na yanko ƙarfe daga ƙasan motar, na ɗora sanda, na taɓa. Kafin in ƙifta ido, wurin da nake son in toshe rami ɗaya ya zama rami uku.

Washegari na ɗauki ƙarfen nan na tafi wurin Oga Tartsatsi, wanda shagonsa ke bayan nawa, kuma na shekara goma ina yi masa ƙorafin ƙarar giranda, injin gurzar ƙarfe. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya leƙa ni ta cikin ramin, ya ce, "Hajiya tela, da me kika yi wannan, da bindiga?"

Na gaya masa. Ya ce, "In aka kawo miki yadi shara-shara, da allurar ɗinkin takalmi kike ɗinka shi?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To abin da kika yi ke nan. Jikin mota bai kai kaurin farcenki biyu ba. Ba ƙarfin injin za ki tambaya ba, ki tambayi iya yadda za a rage masa wuta."

Ku riƙe wannan magana, domin ita ce rabin jawabina. Kowane mai shago zai gaya muku iyakar ƙarfin injinsa, don shi aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Ku kuma ku tambaye shi ƙarshen sanyinsa. Injin sanda yana da kyau ƙwarai, yana da juriya, ba ya tsoron iska, kuma in ƙarfe mai kauri ne aikinku, to shi ne abokin tafiya. Amma jikin mota, ƙofa da ƙasa da murfin gaba, abin da ya fi dacewa da sabon hannu shi ne injin waya: wanda ke turo siririyar waya daga ƙunshi ta cikin hannun walda, tukunyar gas kuma tana lulluɓe wurin don kada iska ta ɓata narkakken ƙarfen. Akwai irinsa marar tukunya, wanda maganin da ke tsare ƙarfen daga iska yake cikin wayar kanta. Yana da sauƙin ɗauka, amma ya fi zafi, ya fi tartsatsi, kuma a kan siririn ƙarfe sai mai haƙuri. Akwai kuma wani na ƙwararru da ake riƙe wuta a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, aikinsa tsaf kamar surfani. Wannan ku bar shi sai hannu ya faɗa. Ni na mayar da jibgegen nan, na karɓo ƙaramin injin waya da nake iya ɗauka da hannu ɗaya, da tukunyarsa, da waya mafi siranta da ke shagon. Shi nake roƙon kwamiti ya saya wa wannan rumfa.

Shawara ta biyu gajera ce, amma maigidana ya ce in ban faɗe ta ba zai tashi ya faɗa da kansa. Ku duba wutar gidanku kafin ku sayi injin. Ranar da na kunna na farkon nan, fiyus ya tashi, firij ya mutu, fanka ta tsaya, maigida yana tsakiyar aski da injin aski, ya fito da rabin kai. Ku kira mai gyaran wuta ya duba ko wayoyinku za su ɗauka, ya sa muku soket na musamman kusa da inda za ku yi aiki, kada ku jona doguwar siririyar waya daga ɗaki. Sannan ku sani kowane injin yana da minti nawa zai yi aiki kafin ya nemi hutu, kuma an rubuta a jikinsa. Ƙaramin injin gida yana hutawa da yawa, amma kada wannan ya dame ku, domin za ku ji nan gaba cewa aikin mota shi kansa hutu yake so.

Na uku, ku kare jikinku, ku kare motar. Ina roƙonku da babbar murya, musamman 'yan'uwana mata da na ga idonsu ya fara ƙyalli. Makon farko na ce bari in ɗan taɓa sau biyu kawai ba tare da hular walda ba, ai rufe ido zan yi. Kwana biyu na yi idona kamar an zuba mini yashi, hawaye na zuba, abokan cinikina suna zuwa suna yi mini jaje ba su san wa ya mutu ba. Ku sayi hula mai kyau, irin wadda gilashinta ke duhu da kansa da zarar wuta ta tashi. Ku sa safar hannu ta fata da takalmi rufaffe. Kada ku kusanci walda da yadin roba, domin ba ci yake da wuta kawai ba, narkewa yake ya manne a fata. Mayafina na farko da na yi aiki da shi yana nan a gida, ya koma rariya. A nan ne sana'ata ta fara yi mini rana: na samo yadin auduga mai kauri na ɗinka riga mai dogon hannu marar aljihu a gaba, da hular da ta rufe kai da wuya, babu abin da ke lilo. Har Oga Tartsatsi sai da ya ba ni awonsa.

Ita kuma motar, ku cire kan batir kafin komai. Ku fitar da kujeru da kafet da duk wani soso. Ku bi ƙarƙashi ku ga inda bututun mai da wayoyin wuta suka bi, in kusa da tanki ne aikin, a sauke tankin a kai shi nesa. Ku gurje fenti da tsatsa sai ƙarfe ya yi fari, ku maƙala matsen wayar da ke mayar da wuta ga injin a wuri mai tsabta kusa da inda kuke aiki. Ku yi a inda iska ke shiga, abin kashe gobara yana kusa da ƙafarku. Kuma duk abin da ya shafi ƙashin mota, inda tayoyi da sitiyari da birki suka dogara, wannan ba wurin koyo ba ne, ku kai wa masu shi. Ni ma Oga Tartsatsi ne ya zo ya kwanta ƙarƙashin motar Baba ya ƙwanƙwasa ko'ina, ya ce ƙashinta lafiya lau, fata ce ta lalace, sannan ya ba ni izini.

Na huɗu, ku nemi malami, kuma ku ɓata ƙarfen banza da yawa kafin ku taɓa abin da kuke so. Oga ya ce ba zai iya barin shagonsa ya tare a gidanmu ba, amma duk Asabar zai ba ni awa ɗaya. Ya tara mini tsofaffin murafan mota ya ce in yi ta ja musu layi. Wata guda cur ina jan layi, ina burmawa, ina sakewa. Ya koya mini in saurara: in wuta da gudun waya sun daidaita, za ka ji ƙara mai daɗi a jere kamar ana suya a mai, in ka ji tana tari tana tofi, to wani abu ya saɓa. Ya koya mini in juya ƙarfen in duba bayansa, don walda tana iya yin kyau a fuska alhali ba ta kama ba.

Jama'a, ranar da na haɗa ƙarfe biyu, na sa su a matsi, na yi ta dukansu da guduma har ƙarfen ya lanƙwashe amma haɗin bai rabu ba, wallahi rawa na taka a tsakar gida da hular walda a kaina. Ni da nake ganin ƙarfe abu ne da Allah ya yi wa maza da masu ƙarfi, sai ga shi yana narkewa yana bin hannuna. Wannan daɗin nake so kowa a rumfar nan ya ɗanɗana. Shi ya sa na zo.

Daga nan na shiga ƙasan motar. Na ɗauko kwali da alli da tef ɗin awo, na fitar da fasalin kowane rami kamar yadda nake fitar da wuyan riga, na ɗora a kan sabon ƙarfe na yanka. Ƙananan faci ne, kuma wurin yana da ƙwari, don haka suka zauna lafiya. Kullum Baba yana kan kujera a bakin baranda, na yi masa shamaki da labulen buhu don kada hasken ya taɓa masa ido, yana jin ƙarar yana gyaɗa kai. Da wata uku ya cika na gama ƙasa, kaina kuwa ya kumbura har hular walda ta fara matse ni. Saura ƙofar direba, wadda tsatsa ta cinye gindinta kamar tsawon hannu.

A nan na yi kuskuren da babu mai yin sa sai tela, kuma shi ne shawarata ta ƙarshe, wadda ta fi sauran tsada a wurina. Mu teloli ba ma yanka yadi daidai da awo. Kullum muna barin rara, kamar faɗin ɗan yatsa, don kalmasa. Hannuna ya saba, ko a mafarki na yanka yadi sai na bar rara. To haka na yi wa ƙarfen ƙofa: na bar masa rara, na ɗora shi a kan tsohon ya hau. Sannan abu na biyu, mu a wurinmu gwanin tela shi ne wanda zai ɗora ƙafa a keke ya ja ɗinki ɗaya santal daga sama har ƙasa bai tsaya ba. Na ce yau zan nuna wa Oga Tartsatsi gwaninta. Ban jira Asabar ba. Na kafa hannu a wannan gefe, na ja wuta ban ɗaga ba sai da na kai wancan gefe.

Da na ɗaga hula, layin ya yi kyau, ban taɓa jan mai kyaunsa ba. Amma ina tsaye ina kallo, ƙofar ta fara ƙara tana motsi da kanta. Zafi ya taru wuri ɗaya, ƙarfe ya buɗe, da ya huce ya tsuke, fuskar ƙofar nan da take sumul ta koma tudu da kwari. Na ɗaura ta a jikin mota, na tura, ta ƙi shiga. Na sake turawa da ƙarfi, ta daki gefe ta dawo mini. Baba ya taso da sandarsa, ya shafa ƙofar da tafin hannunsa tun daga sama har ƙasa, ya koma ciki. Ranar bai ci abincin rana ba.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Tsatsa ta shekara uku tana cin ƙofar nan ba ta hana ta rufuwa ba, ni na hana ta cikin minti biyu. Da yamma Yaya ya zo ya gani. Bai yi mini dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Auta, kin yi ƙoƙari, kowa ya gani. Saura mako uku. Zan gaya wa 'yan gwangwan ranar tana nan."

Asabar Oga Tartsatsi ya zo. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce, "Wa ya ce ki bar wannan rarar?"

Na ce, "Don kalmasa."

Ya ce, "Ƙarfe ba ya son kalmasa a fuskar ƙofa. Inda ya hau kan ɗan'uwansa, nan ruwa zai kwanta, tsatsa ta dawo. Baki da baki ake haɗa su, ki bar tsakani kamar kaurin wayar nan. To, gaya mini, in aka kawo miki siliki mai santsi, wanda ke gudu a ƙarƙashin allura, me kike fara yi kafin ki hau keke?"

Na ce, "Fil nake soka masa, ɗaya nan, ɗaya can, har ya tsaya."

Ya ce, "Shi ke nan, ashe kin iya. Ki soka masa fil da wuta. Ɗigo ɗaya a nan, ki tsallaka can nesa ki yi ɗaya, ki ajiye hannu. Kada ki ƙara sai kin iya taɓa wurin da tafin hannunki. Haka za ki yi ta yi har ɗigon su haɗu su zama layi. A wannan aikin babu hawa keke, fil ne daga farko har ƙarshe."

Ya yanke facin da na yi, ya ɗauki guduma da dunƙulen ƙarfe ya yi ta lallashin fuskar ƙofar har ta kwanta, ramin kuwa ya ƙara faɗi. Na sake fitar da kwali. Ina yankan sabon ƙarfen hannuna yana ja ni in bar rara, ina ce masa a'a. Sannan na fara. Ɗigo, in tsallaka, ɗigo, in jira. Ni da ba na iya zama minti biyar babu abin yi, sai ga ni zaune ina jiran ƙarfe ya huce. Kwana tara na yi a kan abin da na ja cikin minti biyu. Na gurje shi a hankali, don giranda ma zafi take kawowa, na shafa maganin tsatsa ciki da waje, aka fesa fenti. Makanikan ƙungiyar nan kuma, Allah ya saka musu, suka zo suka tashi injin motar, wanda shi ba fannina ba ne, Baba na murɗa musu mabuɗi da kansa.

Ranar da wata huɗu ya cika, da hantsi, motar 'yan gwangwan ta tsaya a ƙofar gida da sarƙoƙinta. Yaya ya shiga motar Baba da takalminsa, kuma kun dai ga Yaya, Allah ya yi masa albarkar jiki. Ya taka ƙasan, ya buga ƙafa, ya ɗan yi tsalle. Ƙasan motar ko motsi bai yi ba. Ya fito yana share gumi ya ce, "Ƙasa ta ci. Saura ƙofa, wannan kuma ba ni ne alƙali ba."

Baba ya taso. Tafiyar da ba ta fi taku ashirin ba, ni a wurina ta fi wata huɗun tsawo. Ya miƙa wa Yaya sandarsa. Ya shafa ƙofar da tafin hannu kamar yadda ya yi rannan. Ya kama hannunta ya buɗe, ya karkata kai, ya rufe.

Ta shiga da ƙara ɗaya, mai nauyi, babu karkarwa a bayanta.

Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Sau uku. Har 'yan gwangwan suka leƙo tsakar gida. Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya zaro mabuɗin nan da igiyarsa ta fata da ta yi baƙi don tsufa, mabuɗin da shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya taɓa riƙewa sai shi. Ya kamo hannuna, wanda duk tabon tartsatsi ne, ya sa mini a ciki ya dunƙule. Ya ce, "Auta, ja mu."

Ya zagaya da kansa ya zauna a kujerar gefe. Yaya ya juya baya yana goge ido, wai ƙurar giranda ce, alhali kwana uku ba a kunna ta ba. Su kuma 'yan gwangwan ba su koma hannu banza ba, mun loda musu jibgin murafan da na ɓata wajen koyo.

Don haka, ya ku 'yan'uwa, ina kira gare ku. Ina kira ga kwamiti ya sayi injin da ke iya sanyi. Ina kira ga masu walda na gaske su riƙa leƙo rumfar nan ranar Asabar, domin awa ɗaya ta malamina ita ta tsaya tsakanin motar mahaifina da sarƙa. Ina kira ga duk mai tsohuwar mota a tsakar gida, malami ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikaciyar jinya, ya zo da abin da sana'arsa ta koya masa, amma ya bari a gaya masa wanne zai ajiye a bakin ƙofa.

Motar tana nan waje, ƙarƙashin bishiyar can, da ita muka zo. In an tashi, duk mai so ya je ya leƙa ƙasanta, ya nemi inda facin ƙofar yake in zai iya ganowa. Amma wanda ke son ya buɗe ya rufe ya ji ƙarar, to ya nemi izini wurin Baba, domin ni mabuɗi kawai aka ba ni.

Allah ya sa albarka a wannan rumfa da duk abin da za a gyara a cikinta. Allah ya tsare idanunmu da hannayenmu, ya kiyaye mu daga gobara da haɗari. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon faranta musu tun suna gani. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kun ba tela aron kunnuwanku har ta gama, ba wanda ya tashi. Na gode.